Babi na Huɗu: Turmi na Uku Tun da Damina Ake Yin Sa

Duk wanda ya saba zama a majalisar masu sha'awar dambe a wannan yanki namu, ko a Dauran ne ko a Zurmi, ko a Ƙauran Namoda, ko kuwa a Shinkafi ranar Alhamis idan 'yan kasuwa suka sami inuwa suka zauna hutawa, to lalle ya taɓa jin wata tambaya da ba ta tsufa. Me ya sa za a ga yaro ya fito a kaka ɗaya kamar wutar daji, ya kashe wannan ya kashe wancan, makaɗa su sa masa kirari, attajirai su yi masa kari, amma baɗi a neme shi a rasa, alhali kuwa ga wani wanda bai kai shi ƙirar jiki ba, bai kai shi faɗin ƙirji ba, ya shekara goma a fage ana shakkar hannunsa? Wannan mas'ala ce za mu bi a wannan babi daki-daki, domin amsarta ta shafi ɗan dambe, ta shafi maigidansa, kuma ta shafi duk wani mai sana'ar da jiki ne jarinta.

Amsoshi uku da aka saba ji

Idan aka jefa wannan tambaya a majalisa, galibi amsa uku ake samu. Na farko zai ce asiri ne, wato wancan ya fi wannan layu da guraye, ko kuwa an tsaga masa hannu an zuba magani wanda ba a zuba wa ɗan'uwansa ba. Na biyu zai ce gado ne, domin dambe tun asali wasan mahauta ne, wanda kuwa ya sha shi a nono ba a haɗa shi da ɗan koyo. Na uku kuma zai ce sa'a ce kurum, kowa da ranarsa.

Ba na musun cewa baiwa gaskiya ce, domin Allah Maɗaukakin Sarki bai halicci mutane da ƙarfi ɗaya ko zuciya ɗaya ba, kuma rabo yana da mai shi. Batun layu kuwa malamanmu sun daɗe suna tsawatarwa a kansa, kamar yadda suka daɗe suna jan kunne game da dukan fuska, kuma wannan magana ce da muka ba ta haƙƙinta a babi na biyu. Abin lura a nan shi ne, dukan amsoshin nan uku sun yi tarayya a abu ɗaya, wato kowace daga cikinsu ta ɗauke alhaki daga wuyan ɗan damben ta ɗora shi a wani wuri da hannunsa ba ya kaiwa. Mai kallo yana ganin abin da ya faru a cikin mintoci kaɗan da la'asar, sa'ad da aka ɗaura zare, kalangu ya ɗauka, mutum biyu suka miƙa garkuwa suka ja mashi baya. Abin da ya gudana a watanni takwas ko tara kafin wannan la'asar kuwa ba ya gani, saboda haka sai ya nemo masa suna ya ce asiri. Ni kuwa abin da na haƙiƙance, bayan na daɗe ina lura, shi ne dawwama a kan horo, wato aikin da ake yi yau a maimaita gobe ba tare da yankewa ba, ita ce ke raba mai shekara ɗaya da mai shekara goma.

Inda magabata suka samo ƙarfinsu

Mai yiwuwa wani ya ce, ai su Shago da Ɗandunawa, waɗanda makaɗi Ɗan Anace ya sa sunansu ya game ƙasar Hausa, ba a san su da agogo ko takardar tsarin atisaye ba. Wannan haka yake, amma sai a dubi irin rayuwar da mazan wancan zamani suka yi. Mahauci na da, tun yana yaro yake kama sa a kayar, ya yi fiɗa, ya sari ƙashi, ya saɓa cinya a kafaɗa ya kai mahauta, kuma yau ya ci kasuwar wannan gari gobe ya ci ta wancan, duk a ƙasa. Idan damina ta sauka ga gona tana jiransa, daga sharar gona zuwa shuka, daga noman farko zuwa maimai, har a kai ga girbin gero da yankan dawa. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, samarin wannan yanki suka ƙara samun wani aikin ƙarfi, wato dakon buhunan gyaɗa da dilolin auduga zuwa tasha. Mutumin da wannan ce rayuwarsa, ko bai taɓa jin kalmar atisaye ba, yana cikinsa kullum daga asuba zuwa magariba, kuma sa'ad da kaka ta yi, amfani ya shiga rumbu, rundawa suka fara yawon garuruwa, jikinsa ya riga ya nuna, abin da ya rage masa kawai shi ne gyaran hannu da sanin tsayuwa.

Yau kuwa al'amari ya sauya ta fuska biyu. Ta fuskar farko, saurayi yana iya wuni a kan babur yana acaɓa, ko a zaune a shago yana cajin waya, ya sami abin da zai ci ba tare da ya yi gumi ba, saboda haka sana'arsa ba ta gina masa jiki kamar yadda ta gina wa kakansa. Ta fuska ta biyu, dambe ya tashi daga wasan kaka ya zama sana'ar shekara, ana yin sa a gidajen dambe irin na Ali Zuma da ke Dei-Dei a Abuja da dandalin Ado Bayero a Kano, inda ɓangarorin Arewa da Kudu da Guramada da Jamus suke karawa, har a sa babur ko mota a gasa. Yaron Dauran da ya ɗauki jakarsa ya nufi irin waɗannan wurare zai tarar da mutanen da ba su da wani aiki sai dambe. Ashe ke nan abin da magabata suka samu a cikin aikinsu na yau da kullum, shi dole ne ya neme shi da gangan, ya yanka masa lokaci, ya tsare shi kamar yadda ake tsare amana.

Abin da ke gudana a cikin jiki

Hikimar da ke cikin halittar ɗan Adam ita ce, jiki yana gina kansa gwargwadon abin da ake nema daga gare shi, yana kuma rushe abin da aka daina nema. Idan mutum ya yi gudu yau har numfashinsa ya ɗaga, ya huta, ya sake jibi, ya ci gaba a haka makonni, sai zuciyarsa ta koyi tura jini mai yawa a bugu ɗaya, ƙananan hanyoyin jini su ƙaru a cikin tsoka, har tazarar da take sa shi haki a da ta zama abin da yake yi yana hira. Idan kuwa ya ajiye gudun, ba a rufa mako uku ko huɗu sai numfashin ya fara komawa inda ya fito. Ƙarfin damtse ya fi numfashi jinkirin zubewa, kuma a nan ne masu yawa suke ruɗuwa, domin mutum yana taɓa damtsensa ya ji shi kamar dutse, ya ɗauka har yanzu yana nan yadda yake, ba zai gane gaskiya ba sai an tashi turmi na farko babu kisa, an shiga na biyu, ya ji ƙafafunsa sun yi nauyi, garkuwarsa tana sauka da kanta.

Akwai kuma wani sirri da ya kamata kowane mai ɗaura zare ya sani. Gaɓoɓin jiki ba sa nuna a lokaci ɗaya. Tsoka tana ƙara ƙarfi cikin makonni, amma jijiyoyin da suka ɗaure ta da ƙashi, da shi ƙashin kansa, sai sun ɗauki watanni kafin su yi ƙwarin da zai ɗauki wannan sabon ƙarfi. Hannun mutum, daga wuyan hannu zuwa kan yatsu, ƙasusuwa 27 ne ƙanana, kuma wanda ya fi saurin karyewa wajen naushi shi ne wanda ke bayan ƙaramin yatsa, har likitoci suna kiran wannan karaya da sunan 'yan dambe. Wanda ya yi wata takwas bai daki komai ba, sannan ya tashi rana ɗaya ya dinga zabga wa buhun yashi naushi da iyakar ƙarfinsa, ya yi kama da mai ɗora rufin azara a kan ginin da bai bushe ba. Magina sun san tubali sahu-sahu ake ɗora shi, a bar wannan ya sha iska kafin a ɗora na gaba.

Abu na uku shi ne ƙwarewa, wadda mazauninta ƙwaƙwalwa ne. Naushin da ke kisa yana zuwa ne cikin ƙiftawar ido, babu lokacin da mutum zai yi shawara da zuciyarsa ya ce bari in kauce. Sai dai a ce jiki ya riga ya haddace kaucewar, ya haddace takun ƙafa, ya haddace lokacin da ake sakin mashi. Duk wanda ya yi zaman tsangaya ya san wannan ƙa'ida, ko da yake ba muna daidaita karatun Alƙur'ani mai girma da wasa ba ne, muna aron darasi ne kawai. Gardi ba ya riƙe haddarsa sai da tilawa kullum, kuma alaramma ya san almajirin da ya wanke allo kaɗan-kaɗan kowace rana ya fi wanda ya cika allo ya yi mako bai waiwaye shi ba. Hannu ma haka yake, abin da aka maimaita masa kullum shi yake tunawa ranar da ido ya rufe.

Misalin samari biyu

Bari mu ɗauki misalin samari biyu sa'o'in juna, mu ƙaddara dukansu a unguwa ɗaya suke a Dauran. Na farko ya ɗaukar wa kansa rabin sa'a kowace rana bayan sallar asuba, kwana shida a mako, yana hutawa ranar Juma'a. Wata rana gudu, wata rana tsallen igiya da dukan buhu, wata rana gyaran tsayuwa shi kaɗai yana kallon inuwarsa a jikin katanga. Idan aka lissafa, sa'a 3 ke nan a mako, sa'a 156 a shekara. Na biyu kuwa ba ya taɓa komai sai ya ji an ce saura mako uku a buɗe fage, sannan ya tashi da azama mai zafi, ya yi sa'a 3 kowace rana har kwana 21, jimla sa'a 63. Mutanen unguwa na biyun za su gani su yaba, domin shi ne ake gani jiƙe da gumi da rana tsaka, alhali na farkon ya gama nasa tun kafin hayaƙi ya tashi a gidaje.

Lissafi ya nuna na farko ya ninka na biyu har da ɗoriya, amma ko da a ce sa'o'insu sun zo daidai, sakamakon ba zai zo daidai ba. Manomi ya san ruwan da ya sauko kamar da bakin ƙwarya a dare ɗaya, sannan aka yi fari wata guda, ba ya raya gero kamar ruwan da ke zuwa bayan kwana uku-uku, ko da kuwa an auna an ga yawansu ɗaya. Ruwan dare ɗaya zaizaye ƙasa yake yi ya wuce gulbi, na kwana uku-uku shi ke shiga saiwa. Saurayin mako uku zai shiga fage da gajiya a jiki da tsami a wuyan hannu, ya dogara ga Allah ya ba shi kisa a turmin farko, in kuwa bai samu ba, to sauran wasan na abokin karawarsa ne. Shi ya sa wani dattijo da ya daɗe da ajiye zare ya taɓa gaya wa wani yaro a gabana, da harshenmu na nan, cewa: "Ɗana, turmi na ukku tun da damana a ka yin shi." Hausawa kuma sun riga sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Shaida daga damben zamani

Damben Turawa, wanda ake yi da safar hannu a cikin igiya, ya bambanta da namu a dokoki, amma jikin da ke yin su ɗaya ne, kuma da yake su suna rubuta tarihin wasanninsu, a wurinsu ake samun hujja a fili. Richard Ihetu, wanda duniya ta sani da Dick Tiger, ya bar Nijeriya ya sauka Libaful ta Ingila a 1955, kuma wasanni huɗu na farko da ya yi a can duk an cinye shi. Mutum mai raunin himma da ya tattara kayansa ya komo gida. Shi kuwa ya ci gaba da zuwa wurin horo yana gyara kurakuransa, har a 1962, yana da shekara 33, ya doke Gene Fullmer ya zama zakaran duniya na matsakaicin nauyi, ya kuma kare kambinsa a filin wasa na Liberty da ke Ibadan a watan Agusta na 1963. Kusan shekara bakwai ke tsakanin faɗuwar nan huɗu da kambin duniya.

Maƙwabtanmu na Nijar ma suna da nasu. Issaka Dabore ya je gasar Olamfik ta Tokiyo a 1964 ya dawo hannu wofi, ya sake zuwa ta Meziko a 1968 bai sami lamba ba, sai a karo na uku, a birnin Munik a 1972, ya ciyo tagulla, wadda ita ce lambar Olamfik ta farko a tarihin ƙasarsa, kuma ba a sake samun wata ba sai a 2016. Tsakanin kowace gasa da mai bi mata shekara huɗu ne, waɗanda babu mai tafa masa a cikinsu.

Ga kuma misalin kishiyar wannan. A watan Fabrairu na 1990 a Tokiyo, wani ɗan Amurka mai suna Buster Douglas ya shirya shiri irin wanda bai taɓa yi ba, ya kayar da Mike Tyson a turmi na goma, abin da kusan babu wanda ya zata. Bayan wata takwas, da ya zo kare kambin a gaban Evander Holyfield, sai aka auna shi aka tarar ya ƙara fiye da kilo shida, aka kuwa kwantar da shi a turmi na uku. Baiwar da ta kayar da Tyson tana nan a jikinsa ba ta je ko'ina ba, abin da ya yanke shi ne horon. Wannan shi ne yaron kaka ɗaya da muka buɗe babin da shi, sai dai nasa fagen duniya ne.

Dawwama da israfi ba ɗaya ba ne

Wajibi ne a nan mu yi togiya, domin kada wani saurayi mai zafin zuciya ya karanta wannan ya fahimce shi a karkace. Ya tabbata a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, cewa aikin da aka dawwama a kansa shi ne mafi soyuwa ga Allah ko da ya ƙaranta. Hadisin yana magana ne a kan ibada, amma ma'aunin da ya kafa ya dace da dukan al'amuran rayuwa, kuma abin lura a cikinsa shi ne ya haɗa dawwama da ƙaranci. Wanda ya ɗora wa kansa abin da ba zai iya ɗauka ba, ba da daɗewa ba zai ajiye shi gaba ɗaya. Jiki ba a lokacin wahala yake ginuwa ba, a lokacin barci da hutun da ke biye da wahalar ne yake ɗinke abin da ya yage ya ƙara masa ƙwari, saboda haka ranar hutu tana cikin horo, kuma ƙari a kan aiki da tadriji ake yin sa, kaɗan a wannan mako, kaɗan a mako mai zuwa.

Sannan akwai gaɓa guda wadda ba ta ƙara ƙwari da duka, ita ce ƙwaƙwalwa. Damtse yana ƙarfi da aiki, ƙashi yana ƙwari da aiki, amma kai duk naushin da ya sha ragi ne, babu ƙari a ciki, kuma cutar tana taruwa a ɓoye sai bayan shekaru ta bayyana da rawar hannu ko nauyin baki ko mantuwa. Don haka ne a damben zamani na 'yan koyo, wanda aka sumar ba a barinsa ya koma fage sai ya yi aƙalla kwana 30. Ya kamata iyayen gidan dambe namu su riƙi irin wannan ƙa'ida, su daina ɗaura wa yaro zare washegarin ranar da aka kashe shi don kawai a ce ya rama. Abin da ake so a maimaita kullum shi ne gudu da tsalle da gyaran hannu, gwajin ƙarfi da abokin horo kuwa jefi-jefi ne, kuma da sassauci.

Haka nan ƙwayoyi irin su tiramol da tabar wiwi, waɗanda wasu ke sha kafin su shiga fage, gajeriyar hanya ce da ke ɓatar da mai binta. Ba sa ƙara numfashi, ba sa ƙara ƙwarewa, abin da suke yi kawai su toshe zafin da Allah Ya sanya ya zama gargaɗi, sai mutum ya ci gaba da duka da karyayyen hannu bai sani ba. Wanda ya saba da su kuma shi ne farkon wanda asuba ke wucewa yana kwance.

Idan fage ya rufe

Ba za a yi maganar dawwama a wannan yanki a tsallake halin da muke ciki ba. Shekaru ke nan 'yan bindiga sun addabi ƙasar Zurmi da Shinkafi da kewayen Ƙauran Namoda, sun hana noma a gonaki masu nisa, sun sa hanya ta zama abin tsoro. A watan Satumba na 2021 har an rufe kasuwannin mako-mako a jihar Zamfara, aka katse layukan waya, kuma inda babu kasuwa babu taro, inda babu taro babu kalangu. Saurayin da a da yake fita bayan gari da duhun asuba ya yi gudu, ko ya gangara yashin gulbin Gagare da rani ya ƙarfafa ƙafafunsa, yanzu dole ya yi tunani kafin ya wuce ganuwa, kuma babu mai hankalin da zai ce masa ya sayar da ransa saboda wasa.

Amma a irin wannan hali ne fa'idar ƙaramin aiki mai ɗorewa take fitowa sarai. Tsallen igiya ba ya bukatar fili fiye da shimfiɗar tabarma. Buhun yashi ana rataye shi a reshen darbejiyar tsakar gida. Filin makarantar firamare da ke cikin gari ya isa a kewaya shi sau goma ko ashirin. Wanda ya ɗaura horonsa a kan jin kiɗa, ranar da kiɗa ya tsaya shi ma ya tsaya, wanda kuwa ya ɗaura shi a kan sallar asuba, wadda ba ta fashi ko da fage ya shekara a rufe, to ranar da Allah Ya kawo sauƙi aka sake share fage, shi za a tarar a shirye. Ina kuma ganin wata fa'ida da ta wuce dambe, domin saurayin da yake da abin da zai tashi dominsa kowace safiya, yake da maigidan da zai tambaye shi in bai zo ba, ya fi wuyar jawowa zuwa ga ɓarna fiye da wanda ya wayi gari ba shi da abin yi.

Shago da maigidansa

Wannan ya kawo mu ga wata hikima da ke cikin al'adar dambe tun asali. Ɗan dambe ba ya fitowa da sunansa shi kaɗai, sai dai a ce shagon wane, wato yaron wane, wanda ya koya a hannunsa, har wani ya tsufa ana kiransa da sunan maigidansa. Wannan suna bashi ne a wuyan mutum biyu. Yaro ya san in ya yi kasala sunan maigidansa zai zubar, maigida kuma ya san in ya yi sakaci da yaro, shi za a zarga. Zuciyar ɗan Adam tana da rauni, ranar da hunturu ya busa ko aka kwana ana ruwa, mutum shi kaɗai zai iya ba kansa uzuri ɗari, amma in ya san akwai mai jiransa a ƙofar gida, kunya kaɗai ta isa ta tashe shi.

Saboda haka nasihata ga mai farawa ita ce ya nemi maigida na ƙwarai da abokin horo guda, ya zaɓi lokaci ɗaya da ba ya sauyawa, ya fara da abin da yake da yaƙinin zai iya yi ko a ranar da ba ya jin daɗi, ko da minti ashirin ne. Da damina, sa'ad da noma ya ɗauke ƙarfinsa, ya rage gudu ya riƙe gyaran hannu, domin fartanya tana ba da ƙarfi amma ba ta koyar da kaucewa. In rashin lafiya ko tafiya ta sa ya yi fashin kwana biyu, kada ya ce zai rama su a rana ɗaya, kada kuma ya ce tunda ya yanke shi ke nan, ya koma kawai daga ɗan ƙasa da inda ya tsaya. Yau da gobe ita ta sa allura ginin rijiya.

To, mun ga cewa jiki yana ginuwa ne a lokacin hutu, da abin da aka ba shi. Wannan ya buɗe wata tambayar da samari ke yawan yi, musamman a wannan zamani na tsadar hatsi: me ɗan dambe zai ci, alhali ba kullum yake da kuɗin nama ba, shin fura da nono da wake da ƙuli-ƙuli sun isa su riƙe shi, kuma yaya zai yi da horonsa idan watan azumi ya kama? Wannan shi ne abin da za mu duba a babi na biyar, in Allah Ya yarda.